Ranar Wanka a Yadi 600

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma mun daɗe muna jan ƙafa kafin mu yarda mu kawo wannan labari, saboda akwai bindiga a cikinsa. Mun san abin da wannan kalma take tayarwa a zukatan mutanenmu a yau, musamman masu dangi a Zamfara, Katsina, Sakkwato da Birnin Gwari. Mu ma muna da su. Don haka tun da wuri mu faɗa: a ƙasar Amurka abin ya faru, a jihar Wayomin, inda doka ta yarda mutum ya yi farauta da lasisi, ta kuma yarda ya haɗa harsashin da zai harba da hannunsa muddin ba sayarwa zai yi ba. Ba za ku ga awon haɗi a nan ba. Labari ne na wa da ƙani da suka yi kusan wata biyu ba sa ga maciji da juna a kan hudoji goma a jikin takarda.

Mu biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Babbanmu ne ya fara zuwa karatu garin Larami, ƙaraminmu ya biyo shi daga baya, har Allah ya sa muka samu takardun zama da aikin yi. Larami gari ne a kan tudu, ya haura ƙafa 7,000 sama da teku, kuma iska ba ta hutawa a cikinsa rani da damina. Idan ka fita bayan gari ba ka ganin komai sai fili da gajerun ciyayi har iyakar ganinka, sai kuma garken wata dabba mai kama da barewa, wadda babu abin da ya kai ta gudu a duk Arewacin Amurka. Mu dai barewa muke ce mata.

Ganin waɗannan barewa ne ya tayar mana da tsohon tsumi. Kakanmu na wajen uba maharbi ne a wani ƙauye a ƙasar Ningi. Mun taso muna ganin bindigarsa ta toka a jingine a kusurwar ɗaki, da jakar fata, da wani ɗan guntun ƙaho da yake auna albarushi da shi. Ba ya ba kowa aron ƙahon nan, ko da kuwa amininsa ne. Muna yara mun ɗauka rowa ce. Ya rasu ba mu tambaye shi dalili ba.

Maƙwabcinmu a Larami wani dattijon Bature ne, ya haura saba'in, tsohon ma'aikacin injin sassaƙa ƙarfe. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa. Muna share masa ƙanƙara daga ƙofar gida idan hunturu ya shigo, shi kuma yana gyara mana mota. Baba muke kiransa, da farko yana dariya, daga baya ya saba har yana amsawa. A garejinsa muka fara ganin yadda ake haɗa harsashi. Ya nuna mana cewa abu huɗu ne kawai: kwanson tagulla, albarushin da ke ciki, ɗan maɓallin da ke gindin kwanso wanda ke tayar da wuta idan an buge shi, mu muka sa masa suna ƙyastu, sai kuma kan harsashin da ke fita ya tafi. Ukun ƙarshe sau ɗaya suke aiki. Kwanso kuwa ana iya wanke shi, a matse shi ya koma siffarsa, a sake cika shi sau da yawa.

Sai da muka yi kwas ɗin kiyaye haɗari da jihar ta wajabta wa duk maharbin da aka haifa daga 1966 zuwa sama, sannan muka haɗa kuɗi muka sayi bindigar farauta guda ɗaya, mai cin harsashin .308, wanda ke kasuwa tun 1952. Ranar da muka gaya wa Hajiyarmu a waya ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Duk abin da ke garin nan ku rasa abin sha'awa sai bindiga?" Muka ce mata gadon Kaka ne. Ta ce, "Kakanku bai taɓa barin dabba da rauni a daji ba. In za ku yi gado, ku ɗauka da wannan." Muka ce to, ba tare da mun auna nauyin maganar ba.

Shekarar 2021 ce, lokacin da harsashi ya yi wuyar samu a duk Amurka. Kantuna sun zama wayam, ɗan abin da aka samu kuma farashinsa ya tashi. Wannan ya ƙara mana ƙaimi mu koyi haɗawa da kanmu. Baba ya ba mu aron tsohon injin matsinsa da littafin awo, ya zauna da mu sau uku yana kallon hannunmu, sannan ya sake mu. Muka raba aiki. Babbanmu, da yake ya yi karatun injiniya, shi ke kan sikeli yana auna albarushi. Ƙaraminmu shi ke wanke kwanso, ya matse, ya daidaita tsawonsa, ya sa ƙyastu. Mun yi alfahari da wannan tsari ƙwarai.

Fitarmu ta farko filin gwaji, a nisan yadi 100, harbi biyar suka taru a wuri ɗaya, faɗinsu bai kai inci guda ba. Kwabo ɗaya zai rufe su. Muka ɗauki hoto muka tura wa duk wanda muka sani. Mako na biyu ma haka, na uku ma haka. A ranmu mun gama zama gwanaye.

A wannan shekarar ƙuri'ar lasisin barewa ta faɗo wa ƙaraminmu, domin a Wayomin da ƙuri'a ake raba irin wannan lasisi. Baba ya yi alkawarin zai kai mu wurin da ya saba zuwa idan lokaci ya yi, amma da sharaɗi: sai ya ga abin da harsashinmu ke yi a nesa. Barewar can idonta kamar na shaho, filin kuma babu itacen da za ka ɓuya a bayansa, don haka masu farautarta sukan yi sha'awar harbi daga nesa. Muka tafi layin yadi 600 da ƙafarmu, muna ganin ai lissafi ne mai sauƙi. Abin da ya taru a inci ɗaya a yadi 100 ya kamata ya taru a kusan inci shida a yadi 600.

Da muka je muka duba allo, sai jikinmu ya yi sanyi. Hudoji goma sun watsu, daga na sama zuwa na ƙasa inci goma sha biyar. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Abu na farko da muka ɗora wa laifi shi ne iska, kuma muna da hujja. Iskar da ke gudun mil goma a awa, idan ta bugo daga gefe, ba ta ture irin harsashinmu ko inci guda a yadi 100, amma a yadi 600 tana iya kai shi gefe fiye da ƙafa biyu. Muka dawo da asuba, lokacin da ko ciyawa ba ta motsi. Sakamako bai canza ba. Sai muka koma kan bindiga, muka ce ai ta hannu muka saya, wa ya san abin da mai ita na farko ya yi da ita. Muka wanke bututunta, muka ɗaure kowane kusa. Shiru. Da iska da bindiga suka kuɓuta, sai ya rage mu biyu a gareji muna kallon juna.

"Yaya, sikelin nan naka ne," in ji ƙaraminmu. "Na ga kana hira kana awo."

"Kai dai duba aikinka. Wa ya san yadda kake matse kwanson nan?"

Daga nan magana ta bar kan harsashi. Aka tono wanda ya fi zuba kuɗi a sayen bindiga, aka tono wanda ya biya wa wani kuɗin jirgi, aka tono abin da ya faru a gida shekara goma baya. Gida ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya, amma muka koma gaisuwa kawai. Kowa ya riƙa shiga gareji shi kaɗai idan ɗan uwansa ya fita, yana canza abin da ya ga dama a ɓoye. Babbanmu ya sayo sabon sikeli ya kuma rage albarushi. Ƙaraminmu ya canza zurfin da yake dasa kan harsashi ya kuma canza ƙyastu. A cikin mako uku mun canza abu biyar a tare, babu wanda ya rubuta komai, har muka kai ba mu san wane kwali ne aka haɗa da wane tsari ba. Wata rana harbi uku suka faɗa kusa da juna a yadi 600, babbanmu ya ce ga shi nan, gyaransa ne ya yi aiki. Na huɗu da na biyar suka ƙaryata shi.

Baba yana ganin duk wannan daga ƙofar gidansa. Wata Asabar ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce, "Samari, ku ɗauko takardun da kuka harba, duka, har waɗanda kuke jin kunyarsu." Ya shimfiɗa su a kan tebur ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaye mu abin da muka gani. Muka ce mun ga sun watse. Ya ce ba wannan ya tambaya ba, ta wace fuska suka watse?

A nan muka fara kallon takardun da idon basira. A kowace ɗaya, faɗin hudojin daga hagu zuwa dama bai wuce inci bakwai ba, amma tsayinsu daga sama zuwa ƙasa ya ninka haka. Baba ya ce iska gefe take turawa, don haka da ita ce mai laifi da a kwance za mu ga layin. Layin da ya miƙe tsaye yana nuna wasu harsasan sun fi wasu faɗuwa kafin su isa. Ya kuma sa muka duba kowace huda da gilashin ƙara girma. Dukkansu zagaye suke, tsaf.

Ya bayyana mana abin da yake nema. A cikin bututun bindiga akwai zane mai murɗawa wanda ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwar yara. A tamu, murɗa ɗaya a kowane inci goma sha biyu, wato harsashin da ya fita da gudun ƙafa 2,600 a daƙiƙa yana juyawa sau 156,000 a minti. Wannan juyi ne ke riƙe kansa a gaba. Idan juyin bai ishi tsawon harsashin ba, sai ya fara layi a hanya, ya bugi takarda a karkace, huda ta fito doguwa kamar ramin makulli. Haka kuma yakan faru da wasu harsasai idan sun yi nisa har gudunsu ya sauko kusa da gudun sauti, wato wajen ƙafa 1,100 da ɗoriya a daƙiƙa. Baba ya ce ya taɓa ganin haka da idonsa a yadi 1,000 a sansanin Perry da ke jihar Ohayo, inda ake gasar harbi ta ƙasa, domin can bakin tafki ne, iskar wurin tana da kauri, tana saurin cinye gudun harsashi. A tudun Larami iska ba ta da wannan kauri, kuma a yadi 600 harsashinmu yana da sauran gudu mai yawa. Hudojinmu zagaye ne, don haka ya soke wannan zargi.

Washegari muka koma fili mu uku. Ya ce kafin a tuhumi harsashi sai an wanke mai harbi da bindiga. Ya duba madubin hangen nesa da ke kan bindigar, ya sa muka motsa kai hagu da dama muna leƙe, ya daidaita shi har alamar saiti ta daina yawo a kan allo. Sannan ya zaro kwalin harsashin kamfani, irin na gasa, wanda ya daɗe yana ɓoyo, ya kwanta ya harba goma. Inci bakwai. Ya miƙa wa ƙaraminmu ya harba sauran goma. Inci takwas. Ya sake karɓa ya harba goma daga cikin namu. Inci goma sha huɗu, a tsaye. Bindiga ta fita, madubi ya fita, hannunmu ma ya fita. Abin da muka haɗa a gareji kaɗai ya rage.

Sai ya kafa wata 'yar na'ura da ke auna gudun harsashi yayin da ya bar bakin bindiga, ya ba babbanmu biro da littafi ya ce ya rubuta kowace lamba. Muka harba goma. Mafi sanyi ya fita da ƙafa 2,560 a daƙiƙa, mafi zafi 2,650. Tazarar ƙafa 90 ke nan tsakanin harsasan da muka rantse iri ɗaya ne.

Mu a ganinmu 90 a cikin 2,600 ba wani abu ba ne, bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba. Baba ya sa babbanmu ya yi lissafin da kansa, tunda shi ne injiniya. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma harsashi yana fara faɗuwa tun daga lokacin da ya bar bututu. Zuwa yadi 100 tafiyar ba ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa ba, faɗuwar duka ba ta kai inci uku ba. Bambancin mai sanyi da mai zafi a nan bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na inci ba, ya ɓace a cikin faɗin hudar kanta. Zuwa yadi 600 kuwa harsashi ya kusa cika daƙiƙa guda a sama, ya faɗi kusan ƙafa tara daga layin bututu. A nan wannan bambanci ɗaya ya zama wajen inci takwas. Ka ɗora shi a kan inci shida ko bakwai da bindiga da hannu suke bayarwa dama, sai ga goma sha biyar ɗinmu ta fito. Ashe aibin yana nan tun ranar da muka ɗauki hoto muna murna. Yadi 100 ne ya rufa mana asiri.

Saura a gano abin da ke kawo bambancin gudun, kuma a nan zuciyar kowannenmu ta fara bugawa, domin an zo kan wanda zai ji kunya. Baba ya ce abu ɗaya za a taɓa a lokaci guda. Aka fara da babbanmu. Ya gwada sikeli biyun da duwatsun awo da aka san nauyinsu, duka suka faɗi gaskiya. Ya kwance harsashi goma daga kwali ɗaya ya sake auna albarushin kowanne. Ana auna shi da giren, wanda guda 7,000 ke cika laba ɗaya, kuma bambancin da aka samu bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na giren ba. Wannan ba zai haifar da ƙafa 90 ba. Babbanmu ya gyara zama yana murmushi. Aka koma kan ƙaraminmu. Aka auna tsawon kowane kwanso, aka duba zaman kowane ƙyastu, aka auna tsawon harsashi gaba ɗaya. Babu abin kushewa. Shi ma ya gyara zama.

Baba ya yi shiru, sannan ya ɗauki bokitin da muke tara kwanso ya juye shi a kan tebur. Ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya yana kifa su gindi sama, yana jera su kashi-kashi. Kowane kwanso akwai tambarin wanda ya ƙera shi a gindinsa. Da ya gama, kashi huɗu ne a gabanmu, ɗaya daga ciki ma na soja ne.

"A ina kuka samo waɗannan?"

Babu wanda ya amsa, domin mu biyun mun sani. A ƙasan filin gwaji muka tsince su. Lokacin da sabon kwanso ya yi tsada, mu biyu muka zauna a mota muka yanke shawarar mu riƙa zagayawa bayan mutane sun tashi, muna tsintar abin da suka zubar. Babbanmu ne ya kawo shawarar, ƙaraminmu ne ya riƙe leda. Mun ma yi wa kanmu kirari a ranar, wai mun fi Turawa wayo. Araha dai ba ta ado.

Ya nuna mana da ruwa. Ya auna kwanso babu komai, ya cika shi da ruwa har baki, ya sake aunawa. Daga waje girmansu ɗaya, tunda injin matsi ɗaya suka bi, amma kaurin bangonsu ya bambanta, don haka cikin wani ya fi na wani faɗi. Tsakanin mafi faɗi da mafi ƙunci an samu kusan giren biyu na ruwa. Albarushi iri ɗaya a ɗaki mai ƙunci ya fi matsi, kuma matsi ne ke ba harsashi gudu. Bayan haka, ba mu san sau nawa aka taɓa harba kowannensu kafin ya zo hannunmu ba. Tagulla tana ƙara tauri duk lokacin da aka buɗa ta aka matse, don haka wuyan wani kwanso yana riƙe kan harsashi gam, na wani kuma sako-sako. Mun ji wannan a hannunmu tun tuni, wani yana shiga da ƙarfi wani kamar man shanu, amma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba.

Ba mu taɓa ganin ran Baba ya ɓaci ba sai a wannan rana. Ya ware wasu kwansuna daga kashin masu ƙunci ya nuna mana ƙyastunsu, sun baje sun shafe kamar an bi ta kansu da guduma. Ya ce wannan alamar matsi ne da ya fara wuce kima, kuma fuskarmu tana bayan wannan ƙarfen da tazarar 'yan inci. "Na ɗauka takarda kawai kuke ɓatawa," in ji shi. "Ashe da idanunku kuke wasa." Ya kwashe duk harsasan da muka haɗa ya ce babu wanda za a sake harbawa, sai dai a kwance su.

Da daddare muka zauna cin tuwon semo, karo na farko a faranti ɗaya cikin makonni. Ƙaraminmu ne ya fara dariya. Ya ce, "Yaya, wata biyu ina neman laifinka kana neman nawa, ashe a leda ɗaya muka ɗauko shi." Laifi tudu ne, an ce, ka taka naka ka hango na wani. Mu kuwa tudu ɗaya muka taka mu biyu, kowa yana leƙen ƙafar ɗan uwansa.

Gyaran bai da wani abin mamaki. Muka jira har muka samu sabon kwanso guda ɗari, na kamfani ɗaya, ƙira ɗaya. Muka koma awo mafi ƙanƙanta da littafi ya ce a fara da shi, muka riƙa hawa a hankali a gaban Baba. Muka sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, kowane kwali da lambarsa: ranar haɗi, sau nawa aka harba kwanson, zafin gari a ranar gwaji, gudun kowane harsashi. Muka daina yarda da harbi uku, sai goma. Idan za a canza abu, ɗaya ake canzawa, kuma sai mu biyu mun sa hannu a shafin. Tazarar gudu ta sauko daga ƙafa 90 zuwa ƙasa da 30. A yadi 600 hudoji goma suka taru a inci bakwai da rabi.

Muka kai wa Baba takardar muna jiran ya ce to, ku harbi barewa daga duk inda kuka ga dama. Ya ɗauko farantin takarda irin na cin abinci a biki ya ce wurin da ke kashe barewa nan take bai fi wannan faɗi ba. A filin gwaji kuna kwance a kan tabarma, kun san nisa, allo ba ya motsi. A daji numfashinku yana sama, iska tana canzawa, dabba tana iya ɗaga ƙafa a cikin wannan daƙiƙa da harsashi ke hanya. Ya yanke mana iyaka: yadi 300, ko taku ɗaya ba za a ƙara ba.

A watan Oktoba muka fita. Rana ta farko, wajen hantsi, muka hango wani namiji mai kyau a kan wani ɗan tudu. Na'urar auna nisa ta ce yadi 480. Ƙaraminmu ya kwanta, ya sa shi a madubi, yatsansa na kusa da kunama. Babbanmu yana gefensa yana jin yadda iska ke kaɗa masa kunnen hagu, tana tsayawa, tana dawowa. Baba bai ce uffan ba. Can sai ƙaraminmu ya ɗago kai ya ce, "Yaya, mu matsa." Muka ja ciki a cikin ƙaya kusan rabin awa. Kafin mu rage yadi ɗari wata mace a garken ta gan mu, ta yi wani huci, duka suka bace kamar an share su. Muka koma tanti hannu rabbana, gwiwa duk ƙaya.

Sai a rana ta uku Allah ya ba mu, a yadi 210, bayan mun bi wani kwari mun zagayo ta bayansu. Bismillah ɗaya, harbi ɗaya, bai yi taku biyar ba. Da muka kira Hajiya, ba ta tambayi girman ƙahonsa ba. Cewa ta yi, "Ya sha wahala?" Muka ce a'a. Ta ce, "To madalla."

A hanyar dawowa ne zancen ƙahon Kaka ya faɗo mana. Bindigar toka ba ta da madubi, ba ta da na'urar auna gudu, albarushinta ma na gida ne. Abin da kawai yake hannunsa shi ne ya sa awo ɗaya kullum, daga ma'auni ɗaya da babu wanda ya taɓa shi, sannan ya san iyakar inda bindigarsa take faɗin gaskiya, ya ja ciki har ya shiga cikin wannan iyaka. Abin da muka kira rowa muna yara, shi ne abin da muka biya kuɗin kwanso ɗari da zumuncin wata biyu kafin mu koya.

Tunda zauren marubuta ne, bari mu faɗi inda abin ya sake cin mu. Akwai wani littafi da muke rubutawa tare shekara uku ke nan. Babin farko duk wanda ya karanta sai ya yaba, amma zuwa babi na goma labarin ya watse, kuma mun daɗe muna cewa masu karatun yanzu ne ba su da haƙuri. Bayan wannan farauta muka juye shi a kan tebur kamar yadda Baba ya juye bokiti. Muka tarar tauraron labarin mutum biyu ne a riga ɗaya: babbanmu yana rubuta shi a matsayin mai neman fansa, ƙaraminmu yana rubuta shi a matsayin mai neman gafara, kuma ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. A shafi goma na farko wannan ba ya fitowa. Yanzu mun koma babi na ɗaya, mun buɗe masa nasa littafin mai bango mai kauri.

Baba yana nan, ƙafa ta fara ba shi matsala, bana bai fita daji ba. Mun kai masa cinya ɗaya, mun kuma koya masa yin kilishi, ko da yake har yanzu yana cewa yajin ya yi masa yawa. Bokitin tsohon kwanson yana nan a garejinmu, ba mu zubar ba. Wanda Allah ya ba layi a mako mai zuwa, muna jiran naka. Mu kwana lafiya.